Dardumar da Ta Dawo da Rana Tsaka

Ni dillaliya ce, kuma 'yar dillaliya. A Briqueterie aka yanke mini cibiya, unguwar da muke ce wa Birik don baki ya huta. Kakana daga ƙasar Kano ya zo Yaoundé da fataucin goro, ya ce damina ɗaya zai yi ya koma. Kabarinsa yana nan har yau, mu ma muna nan.

Ga wanda bai san dillanci ba, aikin ba shi da wuyar ganewa. Kayan matar da ba ta so a san ta sayar nake ɗauka, in kai wa matar da ba ta so a san na hannu ta saya. Ni kuma in ciri la'adata a tsakani, in kama bakina. Innata, Allah ya jiƙanta, ta ce mini abu biyu ne jarin dillaliya. Na farko, ko da wuƙa a wuya kada ki faɗi mai kaya. Na biyu ya fi wuya: kada ki kai kaya gidan da yake da hanya zuwa gidan mai shi. Kafin ki sauke ƙunshinki sai ki auna. Suna haɗuwa a biki? Suna haɗuwa a suna, ko a gidan makoki? Mai kitsonsu ɗaya? Suna zubin adashi tare? In ɗaya daga ciki ya zama e, ki wuce gaba ko nawa za a ba ki. Da wannan ma'auni na yi shekaru ina yawo da zannuwan mutane da 'yan kunnensu daga Birik zuwa unguwar Nkomkana, ba a taɓa kama ni da tonon asiri ba. Har gori nake yi wa sauran dillalai a kan haka.

Sai aka shiga shekarun nan na matsin tattalin arziki da ake ce wa kriz. Aka zabtare albashin ma'aikata, ba su gama salati ba aka sake zabtarewa, sannan aka wayi gari wai darajar kuɗinmu, sefa, ta rabu biyu. Kamfanonin gwamnati suka yi ta rufewa, manyan mutane masu lakatai suka dawo gida suna gyaran murya a kan yara. Kowa kuka yake yi. Ni kuwa, Allah na tuba, kasuwata ce ta buɗe. Matan da a da in na gaishe su da hanci suke amsawa, su ne suka koma aiko mini da cewa in biyo ta ƙofar baya.

A lokacin ne na san Madam. Baturiya ce, doguwa, siririya, ta fara furfura, kuma 'yar wata ƙasa ce wai ita Rumaniya. Mu dai ba ruwanmu, Turai Turai ce. Mijinta mutumin kudu ne, ya je can karatun injiniya, ya dawo da takarda da mata. Kamfanin da yake aiki yana cikin waɗanda aka rufe, aka karɓe gidan da aka ba su, shi ya tafi ƙauyensu wai zai gwada noman koko. Ita da 'yarsu ɗaya suka kama ɗaki biyu a saman unguwarmu. Da darasin gida take ci, wanda ake ce wa repetisiyon. Gida biyar na manyan alhazai take shiga tana koya wa yara lissafi da Faransanci.

To ku ji yadda mutanen Birik suka fassara ta, mu da muke ganin mun fi kowa ido a kasuwa. Tana tafiya a ƙasa cikin rana, aka ce motsa jini take yi, haka Turawa suke. Ta rame, aka ce gayu ne, a can da gangan ake ramewa. Siket biyu gare ta tana juya su, aka ce ai masu kuɗin gaske ba sa nunawa. Zamanta cikinmu kuwa, an tabbatar gini suke yi a unguwar manya, ba a gama fenti ba ne. A kasuwar Mokolo tumatir ɗin da za a ba ni kashi biyar, ita kashi biyu ake ba ta, a haɗa mata da murmushi. Babban Alhajin da ya fara ɗaukar ta, mai sayar da shadda, ba ya gama gaisawa da baƙo sai ya sako zancen cewa Baturiya ce take koya wa yaransa. Sauran huɗun don kada a bar su a baya suka ɗauke ta.

A gidan Alhajin nan ta gan ni, ina baje wa Hajiyarsa zannuwa a tsakar gida. Da na fito sai na ji takun takalmi a bayana har bakin kwatar da ake tsallakawa a kan katako. Ta yi mini sannu da Hausa, sauran ta ƙarasa da Faransanci, ni kuma ina da nawa na kasuwa, muka fahimci juna. Tambaya ɗaya ta yi: gaskiya ne ba na faɗin sunan mai kaya? Na ce ko mijina har ya mutu bai san abin da ke cikin ƙunshina ba. Ta ce in zo gidanta gobe da hantsi, lokacin yarinya tana makaranta.

Na je ina lissafin zan ga firji da talabijin. Na tarar da gado ɗaya, da tebur, da littattafai jibge a kan katako, da kwalabe jere cike da kabeji da ta jiƙa a ruwan gishiri. A kan risho tukunya tana tafasa, na leƙa da wutsiyar ido, ƙafafun kaji ne zalla. A bango kuma ga wata darduma ta ulu, baƙa, da jajayen furanni da tsuntsaye biyu suna kallon juna. A bango, jama'a. Na ce a raina, ga ƙasa tsirara tana neman shimfiɗa, an ba bango. Ta ga ina kallo, ta ce uwarta ce ta saƙa da hannunta, a ƙauyensu haka ake rataye su saboda sanyi. Wannan ba ta sayarwa ba ce.

Ran nan ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Wai a ƙasarsu layi ake yi tun asuba don burodi da man girki, kuma gwamnatin da ta sa su layin ma ta faɗi, an rasa mai raba burodin. A kan tebur akwai ɗan kwali da take ɗaurewa, garin kofi ne da sabulu za ta aika wa tsohuwarta. Na sa ta maimaita, don na ɗauka Faransancina ne ya gaza. Daga Birik ake aika wa Turai sabulu. Da na faɗi wannan a gidan biki, da an ce na fara taɓuwa.

Kafin ta miƙo mini kayan farko sai ta riƙe hannuna ta ce, “'Yar'uwa, ki gane abu ɗaya. Alhaji ba lissafi yake saya ba, Baturiya yake saya. Ranar da ya san ina jin yunwa, ranar zan fara jin ta da gaske.”

Na ce ta kwantar da hankalinta, hannun gwana ta faɗo.

Kuma na yi mata aiki mai kyau, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Kofunan gilas na kai unguwar Madagascar, gidan wata amarya da ba ta san kowa a Birik ba. Wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a wuya na sayar wa wani direba da ke zuwa arewa. Littattafan mijin, waɗanda ba mai iya karanta su duk faɗin Yaoundé, na kai wa mai gyaɗa a can ƙarshen Nkomkana tana ƙunshi da su. Ko tsinke nata ban sauke a unguwarmu ba. Wata da watanni muna haka, tana shiga gidajen alhazai da siket ɗinta a goge, ana ce mata Madam, ana ba ta kujera mai hannu.

Yanzu bari in kawo ɗaya gidan. A Messa, dab da kasuwar Mokolo, akwai wasu Indiyawa masu kantin zare da maɓalli da allura, duk telolin Birik a wurinsu suke saye. A saman kantin suke kwana, su da kwalaye. Tsohon gidan silifas ɗinsa da waya aka ɗaure shi. Da rana za ka gan shi a bayan kanta yana cin shinkafa da wani wakensu rawaya a kwanon tasa. Mutanenmu tausayinsu suke ji. Ana cewa bayin Allah, sun baro ƙasarsu don wahala, ko nama ba sa iya saye. Wata tsohuwa a layinmu har naman layya ta taɓa aika musu sadaka, suka yi godiya suka ba mai gadi. Ba wanda ya tsaya ya ji cewa addininsu ne ya hana su cin nama.

Ni na san gaskiya, don ina hawa benen. Matar babban ɗan gidan, wadda nake ce wa Mama, ita take sayen tsohuwar zinariya a hannuna tun da kriz ta fara. Tana da ɗan ma'auni a cikin gwangwanin biskit. 'Yan kunnen matan ma'aikata da yawa a gwangwanin nan suka kwana. Ita ma a Kamaru aka haife ta, Faransancinta ya fi nawa, kuma in ciniki ya yi zafi har da Hausa take ce mini albarka. Suna da ɗan'uwa a Douala, da wani a Legas, da wani a Dubai. Kafin sefa ta faɗi sun cika sito har rufi, sai ka ce an yi musu wahayi. In kantin wani nasu ya girgiza, kafin mako ya zagayo kaya sun iso masa daga wajen dangi.

Daga baya na zauna na yi tunanin bambancin, don a lokacin ban da idon gani. Madam da takarda ta zo, da miji ɗaya, ta jingina da albashin gwamnati. Da gwamnatin ta zame, ba ta da kowa daga nan har bakin teku, bayan tekun ma su suke jiran ta. Su kuwa da dangi suka zo da kaya, ba su taɓa jingina da kowa ba sai junansu. Amma mu a Birik fata muke dubawa da takalmi. Wadda ke cin ƙafar kaza muna tsawwala mata kuɗin tumatir, masu gwangwanin zinariya muna kai musu sadaka.

Wata safiya Madam ta aiko in zo. Na tarar bangon fayau, sai ƙusoshi huɗu da wurin da fenti bai koɗe ba. Dardumar tana naɗe a kan gado. Makarantar sistocin coci da yarinyar take yi sun ce ko a biya ko ta zauna a gida, ga jarrabawa ta matso. Yarinyar shekararta sha biyar, a nan aka haife ta, kanta yana ja sosai, kuma ta iya zagi da Hausa fiye da 'ya'yana. Uwar ta ce mata wanki aka kai dardumar. Ba ta yi kuka ba da ta miƙo mini, sai dai ta ɗan gyara naɗin sau biyu, alhali ba abin da ya same shi.

Kwana uku ina yawo da ita a ka. A Madagascar aka ce zafi gare ta. A Nkomkana wata ta ce da tsuntsaye a jiki ko salla ba za a yi a kai ba, wata ta ce baƙar shimfiɗa sai gidan makoki. Matanmu kafet ɗin Makka suke so, mai sheƙi, wanda inji ya buga dubu a rana. Wuyana ya gaji, la'adata kuma tana kira na. Sai Mama ta faɗo mini a rai.

Na tsaya a bakin titi na yi awon Innata, wallahi na yi. Biki? Indiyawa nasu bikin a tsakaninsu suke yi, a rufe ƙofa. Suna da makoki? Ko kusa. Mai kitso? Wannan gashi a sake, wancan gashi a sake. Adashi? Wa zai sa Baturiya a adashi, ai raini ne. Wurin ibada daban, kasuwa kuwa Mama kuku take aikawa. Na duba gabas na duba yamma, ban ga hanya ko ta kiyashi tsakanin gidajen nan biyu ba. Abin da ban sa a ma'auni ba shi ne makaranta, don a zamanin Innata matan da take yi wa dillanci ba a aji suke haɗuwa ba. Kuma na ɗauka 'ya'yan masu kuɗi irin haka Indiya ake kai su karatu. Ashe maza ake kaiwa. 'Yar Mama kuwa makarantar sistoci aka sa ta, don ta fi araha. Ajinsu ɗaya da 'yar Madam, bencinsu ɗaya.

Mama ba ta kalli furannin ba ma. Juya dardumar ta yi ta duba bayanta, ta sa farce ta ja zare, na ga idonta ya canza. Ta san aikin hannu. Wannan bai hana ta murɗe ni a ciniki ba har sai da na ji jiri. Ta tambayi mai ita, na ce wata ce daga nesa. Ta sa aka shimfiɗa a bakin ƙofar falo, inda ake tuɓe takalmi. Na kai wa Madam kuɗinta, aka biya makaranta, na koma gida ina yaba wa kaina.

Ba a yi sati biyu ba 'yar Madam ta je gidan ƙawarta, 'yar Mama, yin bitar jarrabawa. Ta sunkuya za ta cire takalmi, ta ga tsuntsayen kakarta a ƙarƙashin ƙafarta. Akwai wata kusurwa da fitila ta taɓa ƙonawa aka yi mata ƙari da jan zare, ta ɗaga ta gani. An ce nan take ta zauna a wurin ta fashe da kuka. Mama ta rarrashe ta, ta ba ta shayi, ta yi ta tambaya a hankali har ta ji komai: aikin uban da ya tafi, da kofunan da suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, da ƙafafun kaji.

Da Mama muguwa ce, da ta yi shiru ta ci gaba da taka dardumarta, da ba abin da ya faru. Sai aka yi rashin sa'a mutuniyar kirki ce.

Ranar Juma'a, an sallame daga masallaci, babban titin Birik ya cika maƙil da manyan riguna, masu suya suna ta fifita wuta. Ina tsaye a ƙofar wani gida da ƙunshina sai na hango pus, amalanken ƙarfen nan mai taya biyu, ƙarti biyu suna turawa. Buhun shinkafa a ƙasa, da garwar mai, da sukari, da buhun waken nan rawaya. A sama kuma, don kada ta yi datti, an baza dardumar ta rufe kayan, tsuntsaye suna kallon jama'a. Masu turawar ba su san gidan ba, sai suka tsaya a tsakiyar mutane suna tambaya da ƙarfi ina gidan Baturiyar nan mai koyarwa. Aka ce lafiya? Ɗayansu, Allah ya saka masa, ya tsaya ya yi bayani dalla-dalla: ai matar patron, wato maigidansu Ba'indiye, ce ta aiko da taimako, Baturiyar tana cikin wani hali, har dardumar uwarta ta sayar don kuɗin makaranta. Alhaji mai shadda yana tsaye a wurin da carbinsa. Shi ya nuna musu hanya.

Kafin la'asar labarin ya kai Nkomkana ya dawo. Kuma abin mamaki, ba a samu mutum ɗaya da bai sani ba tun da. Wadda ta ce ramar gayu ce ta ce ita dama ta ga alamar yunwa a wuyan. Wanda ya rantse ya ga ginin da suke yi ya ce shi dama bai yarda ba. Aka sa mata sabon suna, Baturiyar tsiya. Yara suka daina bin ta suna roƙon alewa, masu tumatir suka fara ba ta kashi biyar. Wannan kaɗai ribar da ta ci.

Ba wanda ya kore ta, mu ba ma kora, muna da kunya. Gida na farko aka ce yara za su ɗan huta. Na biyu aka ce an yi baƙi, ɗakin karatun ya cika. Na uku mai gadi ya ce ba kowa, alhali ana jin muryar yaran daga waje. Cikin wata ɗaya gida biyar suka zama babu. Na sami Hajiyar mai shadda na ce mata, Hajiya, ai lissafin bai canza ba, yaronki da ba ya iya kasa goma gida biyu yanzu shi ne na uku a aji. Ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, “Ke ma dai. In da karatun nan nata yana da albarka, ai da ita ya fara yi wa.” Suka ɗauki wani saurayi da ya gama jami'a yana zaman banza. Shi talaucinsa bai dame su ba, baƙi ne, ya dace da shi.

Na tafi Messa a fusace, na hau benen ko sallama ban yi da kyau ba. Na ce Mama, wa ya aike ki? In taimako za ki yi, ba ga ni ba, ba ga ƙofar baya ba? Sai da rana tsaka, ranar Juma'a, a kan pus? Matar nan ta dube ni da mamaki na gaskiya. Ta ce su a wurinsu haka ake yi. In ɗayansu ya faɗi, da rana ake kai masa kaya, a gaban kowa, don kasuwa ta ga yana da mutane a bayansa, kada a raina shi. Ɓoyewa ai kamar an ce ana jin kunyarsa ne. Ita girmama Madam ta yi. A nata lissafin kuwa ba ta yi kuskure ba. Kayan da ke ɗaga ɗan kasuwa su suka kayar da malama.

Da na gaya mata abin da ya biyo baya, idonta ya kawo ruwa. Na ce to ga dama, ku ba ta aiki a kanti, mace ce mai lissafi, da ido take haɗa lamba. Ta shiga ta yi magana da mijinta, na ji suna ta yarensu. Ta fito tana murza gefen mayafinta, ta ce ya ce akwatin kuɗi ba a ba wa bare, sai jini, haka suka gada. Wani ɗan ƙanensa ma yana hanya daga Indiya don wannan kujerar. Na ce to ta koya wa 'yarku. Ta ce 'yar lissafin kanti kawai take bukata, wannan kuwa kakanta yana koya mata kyauta. Amma za ta ƙara aika shinkafa. Na ce don girman Allah ta bari.

Kwana goma ina zagaye layin Madam, ina bi ta bayan masallaci don kada mu haɗu. Ni da nake yi wa dillalai gori. Kunya ce ta ishe ni, da haushin kaina, don na san ba Mama ce ta tona ta ba, ni ce na ɗauki dardumar da kaina na hau benen da ita. Rana ta goma sha ɗaya yarinyar ta zo har gida, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta kalle ni ba, ta ce mamanta tana kira.

Na tarar an buɗe buhun shinkafar, an ci kusan kwata. Na ji daɗin ganin haka, don zuciya ba ta cika tukunya. Madam tana zaune a bakin gado da siket ɗinta a goge, kamar mai shirin fita, alhali ba inda za ta. Na fara ba da haƙuri, ina kawo zancen biki da kitso da adashi, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce akwai sauran zango ɗaya kafin jarrabawa, kuma yarinyar za ta zauna ta ko da me. Ƙusoshin nan huɗu suna bango, ba a mayar da komai a kansu ba. Ta jawo dardumar daga ƙarƙashin gado, a naɗe, ta ɗora mini a cinya.

Ta ce, “Ki sake sayar da ita, 'yar'uwa. Amma wannan karon ki kai ta gidan da ba su da kirki.”

Ban sha wahalar nema ba. Yanzu da ba sauran asirin da za a rufa, ba sai na je Nkomkana ba. Hajiyar mai shadda tana ganin na kwance ƙunshin ta gane ta, ai duk unguwa an gan ta a kan pus. Ba ta ce zafi ba, ba ta ce tsuntsaye ba, ko tayi ba ta yi ba, ta biya fiye da abin da Mama ta biya. Ta sa aka kira kafinta ya buga ƙusa huɗu a falonta, ta rataye ta a bango, don ta ji an ce haka Turawa suke yi. Duk baƙuwar da ta zo sai an kai ta ta gani, a ce mata daga Turai take, ta Baturiyar nan ce da ta taɓa yi musu aiki.

Na san kuna jira in ce ban karɓi la'ada ba a wannan cinikin. Na karɓa. Kriz ake yi.